Balsa ko Faiba: Littafin Aikin Jirgina Extra 300

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Bismillah. Yau na share teburin da ke ɗakin zaure, na buɗe sabon littafi. Jirgin rimot zan haɗa tun daga tushe, samfurin Extra 300, jirgin wasan sama, faɗin fukafukansa mita ɗaya da rabi, mai aiki da batir.

Dalilin aikin shi ne abin da ya sami jirgina na baya, wanda na saya na hannu. Gangar jikinsa zubin faiba ce, wato yadin zaren gilashi da aka daskarar da gam, sumul kamar tangaran. A watan Satumba ya sauka da hanci, jikin ya tsage daga mazaunin fiffike har kusa da wutsiya. Irin wannan jiki ba faiba zalla ba ne: fata siririya ce a waje, wata a ciki, da ɗan fom a tsakani. Muddin bai ji ciwo ba, ƙarfinsa abin mamaki ne. Amma da fatar ta rabu da fom, in ka danna sai ka ji wurin yana lotsawa. Sau biyu ina faci, wutsiya ta ƙara giram 60, dole na zuba dalma a hanci don ya daidaita, jirgin ya koma wani abu dabam. Na tambayi kuɗin sabon jiki, in aka haɗa da kuɗin aiko shi ya kusa kuɗin da na sayi jirgin gaba ɗaya.

Tun daga lokacin nake ta muhawara da abokan wasa. Wasu sun ce zamanin katako ya wuce, wasu sun ce faiba ta masu kuɗi ce. Na gaji da magana, ina so in gani da idona. Jikin jirgin na katako zan yi. Fukafukai kuwa saiti biyu: ɗaya na balsa, wani itace maras nauyi, mai haƙarƙari da rufin leda, ɗaya na fom da fatar faiba. Murfin hanci da takalman taya na faiba, ƙafafu da bututun da ke riƙe fukafukai na kabon, wani baƙin zare mai ƙarfi maras nauyi. Nauyin da nake nema, har da batir, giram 2,600.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Balsa ta iso ta hannun wani ɗan uwa da ya dawo daga tafiya. Falle 30, dala 95, ban da ɗawainiyar kaya.

Na kwana biyu ina ɗora su a sikeli ɗaya bayan ɗaya, ina rubuta nauyin kowanne da fensir a gefensa. Duk fallen milimita 1.5 girmansu ɗaya, santimita 10 a mita ɗaya, amma mafi sauƙi giram 14 ne, mafi nauyi giram 31. Itace iri ɗaya, ɗauri ɗaya, wani ya ninka wani. Wannan shi ne laifin katako na farko, kuma duk mai son sa ya yarda da shi: ba ka taɓa samun falle biyu masu hali ɗaya. Na ware masu sauƙin don wutsiya da rufin fiffike, masu nauyin don gaban jiki. Na kuma haɗa su biyu-biyu masu nauyi kusa da juna, ɗaya na dama ɗaya na hagu.

Maƙwabcina kafinta, dattijo ne da ya fi shekara arba'in yana sana'ar, ya leƙo ya ɗauki falle ɗaya, ya sa farce ya danna. Ya ce, "Alhaji, wannan ai ɓargon kara ne, irin wanda yara ke motar kara da shi." Na ce, "Baba, itace ne sosai, yawancinsa daga Ekwado ake kawo shi, can Kudancin Amurka." Na ba shi labarin jirgin yaƙin Ingila mai suna Mosquito, wanda ya fara tashi a 1940, da aka yi jikinsa da balsa a tsakanin fallayen katako biyu. Ya jinjina kai, ya ce shi dai sai ya ga ya tashi.

Tsadarta ma tana da dalili. Masu ƙera fukafukan injinan samar da lantarki daga iska suna zuba balsa a cikinsu, kuma wajen 2019 zuwa 2020 buƙatarsu, musamman daga Sin, ta ɗaga farashin ƙwarai. Mu masu sayen falle talatin ba ma cikin lissafi.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Na lika zanen a kan gilashi mai kauri, na rufe da leda. Na yanka haƙarƙari 26 da reza.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Mun je 'yan katako na Na'ibawa ni da Baba, neman obeche. Na daɗe ina karanta cewa masu wannan wasa a Turai suna lulluɓe fiffiken fom da siririn fallen obeche, alhali itacen namu ne na Afirka ta Yamma: a Gana wawa suke ce masa, a Kamaru ayus. Mun sami katako ɗaya fari tas, babu ƙulli, naira 9,000. Yanka shi sirara a inji naira 3,000.

Ba zai maye gurbin balsa ba, don ya ninka matsakaiciyar balsa nauyi fiye da sau biyu. Injinan kasuwa kuma ba sa iya fitar da falle ƙasa da milimita ɗaya. Amma ga dogayen sandunan da ke bin tsawon jiki, da mazaunin sarbo (ƙananan injinan da ke motsa leɓen fiffike da na wutsiya), da duk inda sukurori za su shiga, ya yi daidai. Baba ya ce in jingine shi mako biyu a inuwa tukuna, don katakon kudu yana zuwa da danshinsa. Ya kuma gargaɗe ni da ƙurarsa, ya ce tana sa wasu tari da shaƙewa. Na sayi takunkumi.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Gefunan jiki biyu sun haɗu, bangon moto ya zauna. Filawud ɗin jirgi mai milimita 3 na sa a gaba, balsa a baya. Giram 212 ya zuwa yanzu.

Lahadi, 1 ga Disamba

Yau raina ya ɓaci ƙwarai. Fiffiken hagu na balsa ya murɗe.

Ga yadda abin ya faru, ina rubutawa dalla-dalla don kada in sake. Fiffiken dama na gama shi ranar Laraba, ya kwana biyu a kan gilashi da nauyi a kansa, ya fito miƙe kamar kibiya. Na hagu kuwa, ranar Juma'a da dare na rufe samansa. Sufa gulu ya kusa ƙarewa, sai na yi amfani da farin gam na kafintoci, wanda ruwa ne rabinsa. Na kuma ɗan jiƙa bayan fallen don ya lanƙwasu a kan haƙarƙari. Da safe ina sauri in ga yadda ya yi, na cire fil na ɗaga shi, na jingine shi a bango kafin in rufe ƙasansa. Hunturu kuma ya sauka a daren, ma'aunin laimar da ke ɗakin yana nuna 14 cikin ɗari. Saman ya bushe ya tsuke, ƙasan babu abin da ke riƙe shi, ya ja fiffiken gaba ɗaya. Ban lura ba na rufe ƙasan da yamma, na kulle murɗewar a ciki.

Yau da na ɗora wayata mai manhajar awon karkata a gindin fiffiken da ƙarshensa, bambancin digiri biyu ne. A jirgin koyo wannan ba komai ba ne, tirim, ɗan gyaran da ake dannawa a rimot don jirgi ya tafi miƙe, zai ɓoye shi. A jirgin wasan sama kuwa masifa ce. Tirim ɗin da ya gyara shi yana gudu a hankali ba zai gyara shi yana gudu da ƙarfi ba, kuma duk da'irar da ka ja sai ya fita daga layi yana mirginawa gefe.

Na gwada tururi daga buta, na murɗa shi baya na danne. Bayan awa uku ya koma yadda yake. Dalili kuwa shi ne gaban fiffiken, daga baki zuwa ginshiƙi, akwati ne rufaffe, kuma rufaffen akwati ba ya yarda a murɗa shi. Abin da ke ba fiffike ƙarfi ke nan, shi ne kuma yake hana ni gyara.

Laraba, 4 ga Disamba

Babu makawa, sai da na farke. Na sa reza na yanke rufin ƙasa tun daga gindi har ƙarshe, na ɓalle ƙananan allunan da ke tsaye tsakanin ginshiƙin sama da na ƙasa. Nan take fiffiken ya saki jiki. Na mayar da shi kan gilashi, na sa ma'auni a kowace haƙarƙari, na danne da jakunkunan yashi, na sake lika allunan da jijiyarsu a tsaye, na rufe da sabon falle da sufa gulu, babu ruwa ko ɗigo. Kwana biyu ban taɓa shi ba.

Yanzu bambancin bai kai rubu'in digiri ba. Asarar falle ɗaya da rabi, da giram 7 da suka ƙaru. Ina wannan aiki ina tuna jirgina na faiba: da a ce shi ne ya fito daga mol, wato mazubin da ke ba shi siffa, a murɗe, babu reza da za ta cece shi. Sai dai kuma gaskiya ɗaya ce, in mol ɗin miƙaƙƙe ne, ba zai taɓa fitowa a murɗe ba, ko hunturu ko damina.

Asabar, 7 ga Disamba

Wutsiya ta kammala, giram 58 ba rufi. Na fara sassaƙa siffar murfin hanci da farin fom, irin wanda ke zuwa a kwalin firji.

Asabar, 14 ga Disamba

Wata asarar. Efoksin da na yi oda, gam ɗin da ake jiƙa yadin faiba da shi ya daskare, bai iso ba, na ƙosa, na je wurin masu gyaran bambar mota na sayi ruwan faibarsu lita ɗaya da maganin daskarewa, naira 8,000. Na shafa a kan siffar fom ɗin da na yi kwana huɗu ina gogewa. Kafin in ajiye burushi fom ya fara narkewa, yana ramewa yana kumfa, cikin minti biyu hancin jirgin ya zama kamar alewar da aka bari a rana.

Laifina ne, ban tambaya ba. Ruwan faibar masu bamba foliyesta ne, kuma sinadarin da ke cikinsa yana cinye farin fom. Efoksi ba ya yi. Tabarmar faibarsu ma, mai gashi barbaje, ta giram 300 ko 450 ce a murabba'in mita, ga ta da shan ruwa. Tawa da nake jira saƙaƙƙiya ce, ta giram 49 da ta 160. Duka faiba ake kira, amma ba aikinsu ɗaya ba.

Ruwan bai tafi a banza ba. Zan sake sassaƙa siffar, in lulluɓe ta da efoksi da fenti, sannan in yi mol ɗin kansa da foliyesta da tabarmar masu bamba, tunda mol ba tashi zai yi ba, nauyinsa ba damuwa.

Asabar, 21 ga Disamba

Efoksi da yadin faiba da bututun kabon sun iso, dala 118 duka. Na sake siffar hanci. Gogewa da samfefa kawai, har yatsuna sun yi laushi.

Asabar, 28 ga Disamba

Mol ya fita lafiya, bayan na shafa kaki sau shida ina gogewa. Murfin hanci na farko: yadin 49 ɗaya a waje, na 160 biyu a ciki. Giram 74.

A nan kam faiba ba ta da abokin gasa. Siffa mai lanƙwasa ta kowane ɓangare, in da balsa zan yi, sai na haɗa gungume in rarake cikinsa, ya fi nauyi, ya fi rauni, kuma in ya fashe in koma farko. Yanzu mol yana kan kanta, duk ranar da na so wani, yini ɗaya ne.

Darasin yau game da zafi: efoksina ana haɗa shi 100 da 40 a sikeli. Na dama giram 70 a kofin roba da azahar, na tsaya yanka yadi. Da na waiwayo kofin ya yi zafin da ba ya taɓuwa, yana hayaƙi, ya daskare dunƙule. Efoksi yana fitar da zafi yayin da yake kamawa, in ya taru a wuri mai zurfi zafin yana ƙara masa sauri. Daga yau sai bayan sallar asuba, giram 25 a lokaci guda, a faranti mai faɗi, kuma yadi a yanke tun daren jiya.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Fukafukan fom. Na yi bakan yanka da wayar tsohuwar hita, ɗana babba yana riƙe gefe ɗaya ina riƙe ɗaya, muna ƙirga lambobin da na rubuta a jikin ma'auni don mu tafi tare. Biyun farko sun lalace, waya ta yi zafi da yawa ta ci bakin baya. Na uku da na huɗu sun yi kyau.

Muna hutawa ya tambaye ni, "Baba, shi babban jirgin na gaske da me aka yi shi?" Tambayar ta yi mini daɗi. Walter Extra, Bajamushe ne matuƙin wasan sama, jirginsa na farko Extra 230 fiffiken katako gare shi. Da ya zo kan Extra 300, wanda ya fara tashi a 1988, sai ya koma fiffiken kabon, amma gangar jikin ya bar ta ta bututun ƙarfe. Faransawa ma haka suka yi da CAP 232: fiffike na kabon, jiki na katako. Wato su kansu masu manyan jiragen ba su ɗauki abu ɗaya sun yi komai da shi ba, kowane sashe da abin da ya dace da shi.

Lahadi, 12 ga Janairu

Don fatar ta kama fom sosai ba tare da efoksi ya yi yawa ba, ana sa fiffiken a jakar leda a zuƙe iskar. Wani abokina mai gyaran firji ya haɗa mini tsohuwar kwamfuresa, naira 15,000 har da tiyo da agogon awo.

Gwajin farko a kan guntun fom na yi, Allah ya taimake ni. Na bar ta tana ja, na shiga cikin gida shan ruwa, na dawo na tarar guntun ya lotse ya zama kamar fanke. Farin fom ba ya jure matsi mai yawa. Abokin nawa ya sa ɗan famfo a tiyon da ke barin iska kaɗan ta shiga, muka tsayar da allura a wajen 0.2. Da haka na yi na gasken: balsa milimita ɗaya a kan fom, yadin 49 a kanta an karkata zarensa, da zaren kabon sama da ƙasa a layin ginshiƙi.

Ana tsakiyar na biyu aka ɗauke wuta, ƙarfe ɗaya na dare. Na tashi janareta, ya yi ta aiki har asuba. Man da ya sha naira 6,000. Uwargida ta ce in dai akwai na uku, a yi shi da rana. Ta yi gaskiya.

Asabar, 18 ga Janairu

Gogewa, cike ramuka, gogewa. Ƙurar faiba tana sa ƙaiƙayi har cikin dare, ta kabon kuma baƙa ce tana ɗaukar lantarki, don haka na kwashe risiba (mai karɓar sigina daga rimot) da sarbo da caja daga ɗakin kafin in fara. A tsakar gida nake yi, da ruwa a samfefa.

Asabar, 25 ga Janairu

Na rufe jiki da fukafukan balsa da ledar Oracover, fari a sama, shuɗi mai duhu a ƙasa don in riƙa bambance su a sama. Dutsen guga ƙarami, yini ɗaya, an gama. Fukafukan faiba kuwa sun ci kwana tara tsakanin fentin farko, gogewa da fentin ƙarshe, ga ƙurar hunturu da ke sauka a kan ɗanyen fenti.

Sikeli ya yi magana. Fukafukan balsa biyu, ba sarbo, giram 370. Na faiba giram 545. Bambanci giram 175, kuma fiye da rabinsa fenti ne da abin cike ramuka. Jirgin gaba ɗaya da batir mai sel shida: 2,590 da na balsa, 2,765 da na faiba.

Amma da na kama ƙarshen kowanne na murɗa da hannu, na balsa yana ɗan bayarwa, na faiba ko gezau. Bakin bayansa kuma siriri ne miƙaƙƙe kamar wuƙa, abin da ban taɓa samu da balsa ba.

Masu gasar F3A ta wasan sama da jiragen rimot, inda doka ta ce jirgi kada ya wuce mita biyu a tsawo da mita biyu a faɗi, yawancinsu jikin zubi suke tashi da shi. Na fahimci dalili. Masana'anta tana da mol na ƙwarai, tana fesa fenti a cikin mol ɗin tun kafin a sa yadi, ba ta buƙatar duk wannan cike-ciken da ya ƙara mini nauyi. Abin da nake yi a zaure da burushi ba shi ne abin da suke yi ba, kuma bai kamata in yanke wa faiba hukunci da aikin hannuna kaɗai ba.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Na shimfiɗa fukafukan huɗu a tsakar gida da ƙarfe ɗaya na rana, minti ashirin, na auna da ma'aunin zafi mai haske. Farin gefe digiri 44. Shuɗin 63. Kuma wannan Fabrairu ne, ba Afrilu ba.

Ledar da ke kan balsa ta saki ta yi tamoji, wanda dutsen guga zai gyara cikin minti biyar. Na faiba ne ya tsorata ni: a shuɗin gefe na danna da babban yatsa na ji fatar ta yi laushi, saƙar yadin ta fara bayyana ta cikin fenti. Efoksin da ya kama a zafin ɗaki yana fara laushi tun daga wajen digiri 50 zuwa 60. Shi ya sa jiragen faiba marasa inji da mutane ke hawa kusan duk farare ne. Wanda ke Jamus zai iya mantawa da wannan, mu a Kano ba za mu iya ba.

Magani shi ne a gasa shi a hankali. Na mayar da kowane fiffike cikin ɓawon fom ɗin da aka yanko shi, na danne da allo, na sa a motata a rufe a rana, ma'auni a ciki yana nuna 55 zuwa 58. Zan maimaita gobe. Shuɗin kuma zan rage shi ya zama ratsi biyu kawai.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Haɗa kaya. Eriyoyin risiba na fitar da su nesa da bututun kabon da ƙafafu, tunda kabon yana tare sigina. Gwajin nisa lafiya. Nauyi ya daidaita a kan bututu ba tare da dalma ko giram ɗaya ba.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Alhamdu lillahi, ya tashi.

Mun fita bayan asuba zuwa wata gona da aka girbe a bayan gari, nesa da filin jirgin sama, da izinin mai gonar. Baba kafinta ya biyo mu. Da fukafukan balsa na fara. Bai ci mita goma sha biyar ba ya bar ƙasa. Tirim danni biyu na sama, ɗaya na dama, shi ke nan. Fiffiken da na farke bai nuna komai ba: na ja da'ira babba, ya dawo kan layinsa. Mirginawar bazata, wato juya jirgi farat ɗaya, tana tsayawa cak inda na saki sanda. Saukarsa a hankali kamar tafiyar mai keke. Baba ya zo ya shafa fiffiken ya ce, "Ashe ɓargon kara yana da rana."

Tashi na uku na sa na faiba. Wajen ƙarfe tara ne, iska ta fara kaɗawa. A nan na ga abin da masu faiba ke faɗa. Jirgin yana tafiya kamar an ja masa zare. Inda na balsa ke ɗan tsalle in iska ta buge shi, wannan ratsawa yake yi. Mirginawa a hankali daga wannan gefen fili zuwa wancan ta fi fita da tsabta, saukowa a tsaye da gudu babu ko ɗan kaɗawa. Sai dai a mirginawar bazata yana wuce inda na so da kaɗan, don nauyin da ke can ƙarshen fiffike ba ya son tsayawa, kuma saukarsa tana son gudu da fili mai tsawo. Batir ma ya fi saurin ƙarewa da kusan rabin minti.

A tashi na biyar, ina saukowa da wannan gudun, taya ta daki kunyar gona da ban gani ba. Ƙafafun kabon ba su yi komai ba, amma sun fizge allon filawud ɗin da suke zaune a kai, suka tafi da ƙasan jiki tsawon tafin hannu. Takalmin taya ɗaya ya fashe. Na tsince guntayen duka na zuba a leda.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Daga la'asar zuwa isha na gama gyaran. Guntayen balsa sun koma mazauninsu kamar fasasshiyar ƙwarya, sufa gulu ya bi tsagar. Sabon allo na yanka, na ƙara sandunan obeche biyu a gefensa, na sa sukurorin roba maimakon na ƙarfe don nan gaba su ne za su karye kafin jiki. Facin leda, dutsen guga. Giram 18 suka ƙaru, kuma a daidai tsakiyar nauyi suke. Takalmin taya na zuba sabo a mol, gobe zai fita.

Wancan jirgin na faiba, rauni irin wannan ne ya ci mini wata guda bai koma daidai ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Tashi shida yau, huɗu da balsa, biyu da faiba bayan iska ta taso. Jimlar kuɗin jiki da fukafukai, ban da moto da sarbo da batir da nake da su: dala 213 na kayan waje, naira 41,000 na gida. Kusan kashi biyu cikin uku na wahalar da ɓarnar kaya a ɓangaren faiba suka tafi.

A wannan girman, da hannuna da kayan aikina, fukafukan balsa su ne na kullum, na faiba na ranar iska. Jikin katako kuwa ban yi nadamarsa ba ko kaɗan. Abin da ya rage shi ne damina. Na rubuta awon karkatar kowane fiffike a cikin murfin akwatinsa: na balsa hagu 0.2, dama 0.0, na faiba duka 0.0. Zan sake aunawa a ƙarshen Afrilu lokacin tsananin zafi, sannan a tsakiyar Agusta in laima ta cika ɗaki. Sakamakon ne zai nuna mini da me zan yi fukafukan mai mita biyu da nake shiri.

Kafin azumi: in sake ɗame ledar ƙasan fiffiken dama, in rage motsin leɓen wutsiya da milimita uku, in yi odar farfela biyu na ajiya. Sauran obeche na mayar wa Baba ya ajiye mini a rumfarsa.